Maza Biyar a Gonar Auduga

Shagon Ɗantsoho yana bayan kasuwar Omdurman, a wani lungu tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da turaren wuta. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. A da can Ɗantsoho mai haska fim ne a wata silima ta Khartoum. Da sojoji suka karɓi mulki a tamanin da tara, silima ta shiga mutuwa da kaɗan-kaɗan: yau dokar hana fita, gobe an datse rabin fim, jibi babu masu kallo, har aka garƙame wurin aka mayar da shi ma'ajiyar siminti. Ɗantsoho ya fito da abu biyu, hannun da ya san zaren fim da kuma girman kan mutumin da ya taɓa haska wa jama'a dubu a zama ɗaya. Da su ya buɗe shago.

Aikinsa shi ne kwashe tsofaffin fina-finan gida ya zuba su a kwamfuta. Ya samu wani tsohon injin majigi ya rage masa gudu, ya kafa kyamara a bakinsa tana ɗaukar hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wannan duk mai haƙuri zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne launi. Fim in ya shekara arba'in a ƙasan akwati cikin zafin Sudan, shuɗi da rawaya guduwa suke yi, ja kaɗai ke zama. Sai ka ga ango da amarya da raƙumi da sararin sama duk kamar an tsoma su a zoɓo.

Ɗantsoho yana da dabararsa, kuma ba ya gajiya da faɗinta ko ba a tambaye shi ba. "A ƙasar nan," in ji shi, "duk inda maza suka taru akwai farar jallabiya. Ka nemo ta, ka ɗora kibiyar kwamfuta a kai, ka ce mata wannan fari ne. Da ta san fari, sauran launuka za su shiga sahu da kansu." Shekara goma yana haka bai taɓa jin kunya ba, don haka ya daina tambayar masu kawo aiki komai, ban da ranar da za su dawo.

Wata Asabar da hantsi, a bazarar dubu biyu da goma sha uku, mata biyu suka sauka daga raksha, keke mai ƙafa uku, a ƙofarsa. Ƙaramar, mai kimanin shekara arba'in, sanye take da farin tob, lulluɓin matan Sudan, irin na malaman makaranta. Ta riƙo hannun babbar tana faɗa mata inda dakali yake. Suka gaisa da Larabci, sannan babbar ta ji sunansa ta juya harshe zuwa Hausa.

"Ni ce Shamsiyya, wannan mahaifiyata ce, Kulu," in ji ƙaramar, tana kiransa usta yadda ake kiran gwanin sana'a a Sudan. "Daga unguwar Hajj Yusuf muke, ya usta. An ce kai ne mai dawo da kala."

Ta ajiye ɗan gwangwanin fim mai faɗin tafin hannu a kan tebur. An rubuta sunan wani kambo a jikinsa, wato zangon 'yan ƙwadago a gonakin Jazira, da shekarar saba'in da ɗaya. Ta ce wata abokiyar aikinta, Ni'mat, ta tsince shi a kayan marigayi babanta a unguwar Alsahafa. Uban Ni'mat mufattish ne a wancan zamani, mai duba gonakin auduga, kuma yana da ɗan injin ɗaukar fim. Da Shamsiyya ta ambaci sunan kambon a gida, sai uwarta ta ce ta tuna ranar da mufattish ya zo da wani abu mai ƙugi ya ce maza su tsaya a gaban auduga.

"Babana Mahmud yana cikinsu," in ji Shamsiyya. "Ya rasu ina ciki wata shida. Ba hoto, ko na katin shaida. Mutanen kambonmu sun watse, tsofaffin sun mutu. Yumma bas, uwata ke nan, ita kaɗai ta rage da za ta iya nuna min ta ce ga shi. Kuma diktor, likitan ido, ya ce idonta ɗaya ya tafi, ɗayan yana rufewa daga gefe-gefe. Bai ba mu lokaci mai yawa ba."

Kulu ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta juya fuska wajen ƙofa. Tana cikin matan da har su koma ga Allah ba za su faɗi sunan miji ba, ba kuma za su kira ɗan fari da sunansa ba, balle a zauna ana zancen miji a gaban baƙon namiji.

"Mako ɗaya," in ji Ɗantsoho.

Fim ɗin minti uku ne. Mafi yawansa 'ya'yan mufattish ne suna guje-guje a bakin magudanar ruwa, sai motarsa daga gaba, sai motarsa daga baya. Can wajen ƙarshe, na daƙiƙa arba'in, ga maza biyar a jere gaban tarin auduga, kowa da jallabiya da rawani, duk jajaye. Na tsakiya ya ɗan fito gaba, rigarsa ta fi cika hoton. Ɗantsoho ya ɗora kibiya a ƙirjinsa ya danna.

Ja ya kau. Rigar na tsakiya ta yi fari tas. Amma sauran huɗun sai suka fito rawaya-rawaya, launin rigar da ta sha gumi da ƙasa ta kwana uku ba ta ga sabulu ba.

Ɗantsoho ya daɗe yana kallonsu, ransa a ɓace. Shi ma ɗan kambo ne, ko da yake ba kowa ya sani ba a kasuwar Omdurman. Bai manta ranar da malami ya kama wuyan rigarsa a gaban aji a garin Madani, ya ɗaga shi yana nuna wa yara yadda 'ya'yan masu tsinkar auduga suke zuwa makaranta ba. Tun daga ranar ba a sake ganin tabo a jikinsa ba. Yanzu ga maza biyar, huɗu da dauɗa, kuma bai san wanne ne uban malamar ba. Ya ce a ransa, matar da ta jira shekara arba'in ba za ta fara ganin ubanta a cikin ƙazamar riga ba, ba dai daga shagonsa ba.

Sai ya zauna wanki. Daƙiƙa arba'in hoto ɗari bakwai da ashirin ne, kowane hoto riga huɗu. Ya riƙa zagaye kowace riga yana cire mata rawayar, in mutum ya motsa hannu sai ya sake zagaye. Wuta tana ɗaukewa da azahar ta dawo da la'asar, wani lokaci ta tafi da aikin rabin yini. Mako ya cika Shamsiyya ta bugo waya, ya ce saura kaɗan. Ta sake bugowa, ya ce aikin ƙwarai ba ya son gaggawa. A karo na uku ta ce, "Ya usta, ko da jan ne ka nuna mata, idon yana tafiya." Ya ce shi ba ya sakin aiki rabi. Sai da ya ci mako biyar.

Ranar da suka dawo ya share shagon, ya aro kujera mai hannu daga wajen mai gyaran fanka. Ya rufe ƙofa don haske, ya kunna. Kulu ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana karkata kai tana neman ɗan wurin da ya rage mata a ido. Maza biyar suka bayyana, fari ƙal kamar za su sallar Idi. Ɗantsoho ya harɗe hannu yana jiran kabbara.

Fuskokin ƙanana ne, inuwar rawani ta rufe rabinsu, ga kuma dishi-dishin tsohon fim. Kulu ba ta ko tsaya a kansu ba. Idonta a ƙirazan mutanen yake, yana bi daga hagu zuwa dama, ya dawo. Ta ce a mayar. Aka mayar. Sau shida ana mayarwa.

"Ba ya ciki," ta ce.

"Hajiya, ki sake dubawa a hankali," in ji Ɗantsoho. "Bari in ƙara girman fuskokin."

"Idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Ba ya ciki." Ta gyara mayafi ta lalubi hannun 'yarta. "Ke, tashi mu tafi."

Tambaya ɗaya ce ta rage a yi a wurin nan: da me za ki gane shi? Ko yaron da ya fara koyon aiki jiya zai yi ta. Ɗantsoho bai yi ba, don haushi ya cika shi, mako biyar na wahala ko sannu babu. Shamsiyya ta karɓi faifan da ya zuba fim ɗin a kai ta sa a jaka. "Malesh, ba komai, ya usta, ka yi ƙoƙari," ta ce. "Wataƙila wani kambon ne ta tuna." Sai da ta yi ta lalube kafin ta iya rufe bakin jakar.

Aikin dai ya yi kyau, kuma Ɗantsoho ba mai ɓoye kyakkyawan aiki ba ne. Ya mayar da shi abin talla. Kullum da safe yana kunna shi a allon da ke kallon ƙofa, rabi ja rabi gyararre, don masu wucewa su ga bambanci. Haka aka yi wata biyu.

Talatu mai shayi ce ta ɓata masa tallar. Tana da murhu da 'yan kujeru a bakin lungun, kuma in 'yan sandan kula da tarbiyya suka kawo samame, a shagonsa take ɓoye butocinta. Wata safiya ta shigo da kofin shayinsa, ta tsaya a gaban allon ta riƙe ƙugu.

"Usta, wannan wace irin auduga ce?"

"Audugar Jazira mana. Kin manta ta ne?"

"Ni zan manta? Tun ina shekara bakwai nake tsinkarta, ga yatsuna nan ka duba. Wannan da ka nuna ruwa ya dake ta, ko kuwa ƙwari sun zuba mata zumarsu mai danƙo. In ka kai wa mufattish irin wannan, a gabanka zai sa a ware ta gefe. Shi ne zai tara mutane ya ɗauke su hoto a gabanta?"

"Tsohon fim ne, Talatu. Ba ki san aikin nan ba."

"Aikinka ban sani ba. Auduga na sani." Ta ajiye kofin ta fita.

Ya kalli allon. Wata biyu da mako biyar yana kallon riguna, bai taɓa ɗaga ido ya kalli abin da ke bayansu ba. Tarin audugar, wanda ya fi mutanen tsawo, rawaya ne kamar tsohon haƙori. Shi da aka haifa a kan buhun auduga.

Ya rufe ƙofa. Ya nemo asalin ɗaukar, jan nan da bai taɓa ba. Ya kauce wa rigunan gaba ɗaya, ya ɗora kibiya a tsakiyar tarin audugar, ya danna.

Audugar ta yi fari. Sama ta yi shuɗi, ganyen gona ya yi kore. Riguna huɗu suka fito fari sol, wankakku, har da karin guga a hannun ɗaya daga ciki. Mutanen nan sun ji mufattish zai zo da inji, sun sa mafi kyawun abin da suka mallaka. Babu dauɗa a jikin kowa, kuma ba a taɓa yi ba. Shi ya zuba musu ita ranar da ya ce wa kwamfuta rigar na tsakiya fara ce, sannan ya zauna mako biyar yana wanke abin da ya zuba. Ita kuwa rigar na tsakiya shuɗiya ce, shuɗi mai haske, har da inda ya fi kamawa wajen kafaɗa.

Ɗantsoho ya san wannan shuɗin. Duk wanda ya tashi a gidan da ake wanki da bula ya san shi. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun ranar malamin Madani, kuma wannan karon babu wanda zai ɗora wa laifi. Garin neman gira ya rasa ido. Shayin Talatu ya huce a kan tebur bai taɓa ba.

Bai yi waya ba, don bai san da wane baki zai fara ba. Ya zuba fim ɗin a ƙaramar kwamfuta, ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya hau bas ya ƙetare gadar Shambat, ya sake wata bas a Bahri, suka tsaya cik a cunkoson Alhilla Kuku direba yana faɗa da mai amalanke. A Hajj Yusuf ya ɗauki raksha yana tambayar gidan malama Shamsiyya, har wani mai kanti ya nuna masa ƙofa mai koren fenti.

La'asar ta yi. Kulu tana zaune a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, carbi a hannu. Da ya yi sallama ta amsa, ta juyo da fuska, amma ba daidai inda yake tsaye ba. Ya kalli Shamsiyya.

"Kwana goma ke nan da idon ya rufe," in ji ta a hankali. "Haske da duhu bas, su kaɗai take gani."

Ya zauna a kan tabarma. Ya buɗe kwamfutar ya ɗora a kan kujerar roba, ya wuce 'ya'yan mufattish da motarsa, ya tsayar a kan maza biyar.

"Hajiya," ya ce, "akwai wani a cikin mutanen nan mai shuɗiyar riga."

Carbin ya tsaya.

"Shuɗiya yaya?"

"Irin ta bula. Kamar an cika ta da yawa. Ta fi kamawa a kafaɗar dama."

Kulu ta sa gefen mayafi a baki. Kafaɗunta suka fara motsi, Ɗantsoho ya ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawaye na zuba tare da ita.

"Ke," ta ce da 'yarta, "je ki duba. Shi ne."

Shamsiyya ta durƙusa a gaban kujerar. Kulu kuwa, wadda shekara arba'in ba ta yi zancen mutumin nan a gaban kowa ba, ta ci gaba da magana tana fuskantar bango.

"Watana biyu a ɗakinsa. A gidanmu ba a sa bula, ban san ƙwaya ake ɗiba ba. Na kwance ƙullin gaba ɗaya na zuba a ruwan wankin rigarsa. Ita ke nan masa jallabiyar fita, gobe kuma mufattish zai zo. Na yi kuka har na gode Allah. Matan kambo suka taru a bakin igiyar shanya suna dariya, wata ta ce amarya ta buɗe marina. Shi kuwa ya dawo ya ɗaga ta ya duba, ya ce madalla, yanzu ko daga ƙarshen gona zan hango shi in kai masa abinci. Ya sa ta ya fita, har da shiga gaba."

"Yumma, me ya sa ba ki faɗa ba ran nan?" in ji Shamsiyya, idonta na kan allon.

"In faɗi me? An nuna min mutum biyar da fararen kaya. Na ce to, injin bai kama shi ba. Inji yana ƙarya ne?"

Ɗantsoho ya ƙara girman hoton, ya sake shi ya tafi a hankali. Mutumin ya ɗaga hannun hagu ya kare rana, ya juya ya ce wani abu da na kusa da shi, sannan ya yi dariya.

"Yumma, bahago ne?"

"Ke da kike tsammani a ina kika samo naki?"

Shamsiyya ta zauna dirshan a ƙasa da farin tob ɗinta, tana kallon saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda yanzu ta girme shi nesa ba kusa ba.

Ɗantsoho zai iya tashi a nan ya tafi da godiya. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi, kuma matan nan ba su san abin da kibiyar kwamfuta take yi ba. Ya gyara zama ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ranar da kika zo shagona yana ciki. Yana tsaye a gabanki sau shida, kuma idonki yana gani. Ni ne na mayar da rigar fara. Ban tambaye ki ba. Na ɗauka kowace jallabiya fara ce, na wanke ta."

A maƙwabta wani yana buga ƙarfe, akuya tana kuka a bayan katanga. Kulu ta juya carbin sau ɗaya a yatsunta.

"Ka wanke ta," ta ce. "Ni sau bakwai na wanke ta ba ta fita ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta miƙa hannu cikin iska. "Kawo min shi nan."

Shamsiyya ta ɗauko kwamfutar ta ɗora mata a cinya. Kulu ta shafa gilashin da tafin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan. 'Yar ta kama yatsanta ta kai shi tsakiya, ta sauke shi a kan kafaɗar dama, inda bular ta fi kamawa.

"Nan ne?"

"Nan ne, Yumma."

Fim ɗin yana ta tafiya a ƙarƙashin yatsan. Ɗantsoho ya ga daƙiƙa arba'in ɗin sun kusa cika, daga nan sai motar mufattish. Ya miƙa hannu ya tsayar da shi. Kulu ta ji motsinsa kusa da ita.

"Me kake yi kuma?"

"Tsayar da shi na yi, Hajiya, don kada ya wuce."

"To bar shi a nan," ta ce. "Kada ka ƙara taɓa masa riga."